Yadda ake ceto tsofaffin manhajojin ofis daga kwamfutar da aka jingine, a tashe su a sabuwa

A ɗakunan ajiya na makarantun sakandare, da sakatariyoyin ƙananan hukumomi, da ofisoshin ƙungiyoyin manoma daga Kura har Auyo, akwai kwamfutoci farare da suka koma ruwan ƙasa, an jingine su shekara ashirin ko fiye. Ƙarfen ba ya da wata daraja yanzu. Abin da ke cikinsa ne ake nema: rajistar ɗalibai, takardun albashi, sunayen waɗanda suka karɓi taki bashi, wasiƙun rabon filaye. An ƙirƙiro Jigawa a 1991, lokacin da WordPerfect 5.1 na buga takardu, da Lotus 1-2-3 na lissafi, da dBASE na adana bayanai ke tashe a ofisoshi, saboda haka ba abin mamaki ba ne ka tarar da takardun wancan zamani a cikin waɗannan manhajoji.

Matsalar ita ce sabuwar kwamfuta ba ta san su ba. Windows mai 64-bit ba ya tayar da manhajar DOS, wato tsohon tsarin da ake buga wa umarni da rubutu, ko ta Windows 3.1, kuma Windows 11 gaba ɗayansa 64-bit ne. Mafita ita ce manhajar kwaikwayo, wadda ke gina tsohuwar kwamfuta a cikin sabuwa, har tsohuwar manhaja ta ɗauka tana gidanta. Amma kafin a kai can akwai ƙa'ida ɗaya da duk aikin ya rataya a kanta: tsohon faifai ba a kunna shi sai don a kwafe shi. Kamar iri ne a rumbu, ba a ɗibarsa a yi tuwo. Duk gwaji da kuskure a kan kwafi ake yinsu.

Sai kuma izini. Idan kwamfutar ta ofis ce, a samu takarda daga shugaban wurin kafin a kwance noti ɗaya. A ciki akwai albashin mutane da bayanan marasa lafiya, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta shafi irin waɗannan. Kada kwafin ya kwana a kwamfutar shago inda kowa ke zama.

Kayan aiki

Laftof mai lafiya da batir mai riƙe caji. Adafta ta USB mai karɓar IDE da SATA, wato tsohon mahaɗin faifai da sabo, wadda ta zo da nata abin ba da wuta. Na'urar fulofi ta USB. Filashi biyu, da faifan waje mai sarari fiye da tsohon faifan. Sukundireba mai kan gicciye, burushin fenti sabo mai laushi, bulowa ta hannu, audugar kunne, da sinadarin isopropyl mai ƙarfin kashi 90 ko sama. Sifirit na kemis ba ya maye gurbinsa, domin akwai ruwa da wasu abubuwa a ciki da ke barin tabo. Adafta da na'urar fulofi sai an shiga Kano, a tambaya wajen Beirut Road ko Farm Centre, kuma a gwada na'urar fulofin a gaban mai shago, don yawancinsu sun daɗe a ajiye.

Manhajojin kuwa a sauko da su tun a gari inda sabis ke da ƙarfi: DOSBox-X, 86Box tare da tarin ROM ɗinsa (fayilolin da yake tayar da tsofaffin bod da su), LibreOffice, 7-Zip, da SystemRescue, tsarin ceto da ke tashi daga filashi, wanda manhajar Rufus za ta ɗora maka a filashi ɗaya. Dukkansu kyauta ne.

Buɗe akwatin

Kada ka jona ta da wuta don ka ga ko tana tashi. Wannan gwajin ya kashe faifai da yawa. Fitar da ita inuwa, ka buɗe murfin, ka duba. Zanzaro na son ramin fankar fawa-fak, yakan gina ɗakinsa na laka har fankar ta kasa juyawa. Fitsarin ɓera yana cin layukan jan ƙarfe a kan bod. Kondensa da ta lalace za ka ga kanta ya kumbura ko ta zubar da wani abu ruwan ƙasa. A bod na zamanin 386 da 486 akwai batir mai siffar ƙaramar ganga da aka liƙa da dalma, idan ya zube zai bar kore-kore a kewayensa.

Duba bayan fawa-fak ɗin ma. Akwai ɗan jan makunni mai 115 a gefe ɗaya, 230 a ɗayan. Kwamfutocin da aka shigo da su daga Amurka wani lokaci suna kan 115, wutarmu kuwa 230 ce. Idan aka jona haka, ƙara ɗaya za ka ji sai hayaƙi, kuma yana iya tafiya da faifan.

Abin da kake so babban faifan ne kawai, wato haddis. Ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa shi, musamman da hunturu lokacin da jiki ke tara lantarki. Zare faffaɗar wayar nan mai fil 40 a miƙe, kada ka murɗa ta, sannan wayar wuta mai fil 4, mai launin rawaya da ja da baƙi biyu. Kwance notin, ka ɗauki hoton takardar da ke manne a bayansa da waya. A kanta akwai lambobi uku, Cylinders da Heads da Sectors, za su yi maka amfani daga baya. A kan takardar akwai kuma zanen inda ake sa jamfa, ɗan roban nan da ke haɗa fil biyu. Mai da shi kan Master, don yawancin adaftoci ba sa ganin faifan da ke kan Slave. Faifan laftof fil 44 gare shi, kuma ta nan yake samun wutarsa.

Kwafe faifan gaba ɗaya

Ba fayil-fayil za ka kwafa ba. Za ka ɗauki faifan ne daga farkonsa zuwa ƙarshensa ka zuba a fayil guda, har da wuraren da aka goge da wurin da DOS ke tashi. Dalili shi ne ba ka san abin da za ka buƙata gobe ba, faifan kuma mai yiwuwa ba zai sake juyawa ba.

Wuta ita ce babbar barazana a karkara. Kada ka yi wannan aiki a kan ƙaramin janareta kai tsaye, ko a wutar gari da ke zuwa tana ɗaukewa. Yi shi a kan inbata mai cikakken batir. Da bazara kuma a fara da sassafe, a ɗora faifan a kan katako, a kunna masa fanka. Ɗakin kwano da rana tsaka yana wuce digiri 40, tsohon faifai kuwa da zafi yake fara tuntuɓe.

Tayar da laftof daga filashin SystemRescue. Fara ba tsohon faifan wuta, ka saurara. Idan ya juya ya yi 'yan ƙananan motsi ya natsu, lafiya. Idan yana ƙwas-ƙwas ba tsayawa, ko yana ƙarar gogar ƙarfe, kashe shi nan take, ya wuce aikin gida. Kada ka buɗe murfinsa, ƙura ɗaya ta isa ta kankare fuskar faifan. Idan ya natsu, soka USB ka rubuta:

lsblk

Za ka ga jerin faifai da girmansu. Da girman za ka gane naka, tsoho zai nuna megabait 850 ko gigabait 2 ko 4, misali a matsayin sdb. Shiga foldar faifan waje inda za ka ajiye kwafin, sannan:

ddrescue -n /dev/sdb tsoho.img tsoho.map

Tsarin yana da muhimmanci ƙwarai: na farko inda ake ɗiba, na biyu inda ake zubawa. Wannan zagaye yana kwashe wuraren da ke da lafiya da sauri, ya tsallake masu ciwo. Idan ya gama, sai ka koma kan masu ciwon:

ddrescue -d -r3 /dev/sdb tsoho.img tsoho.map

Zai gwada kowane wuri sau 3. Fayil ɗin map shi ne ke riƙe inda aka tsaya, ko wuta ta ɗauke, ka maimaita umarnin zai ci gaba daga nan. Kada ka goge shi.

Abu biyu ke yawan tsayar da mutane a nan. Na ɗaya, idan tsarin faifan da kake zubawa FAT32 ne, ba ya karɓar fayil da ya wuce gigabait 4, aikin zai tsaya a tsakiya. Mai da shi exFAT ko NTFS tun farko. Na biyu, faifai na farkon shekarun 1990, masu ƙasa da megabait 500, sau da yawa adaftar USB ba ta ganinsu sam, domin ba su san LBA ba, tsarin ƙirga wurare a faifai da adaftar ke amfani da shi. Ba mutuwa suka yi ba. Nemo kwamfuta Pentium III ko Pentium 4 mai ramin IDE a bod, ka jona shi a can.

Idan dole a Windows za ka yi, HDD Raw Copy Tool yana yin irin wannan kwafi, amma ba ya da haƙurin ddrescue a kan faifai mai ciwo. Kuma duk lokacin da Windows ya ce sai an yi wa faifan format ko a gyara shi, amsar a'a ce.

Da ka samu tsoho.img, yi masa kwafi biyu. Ɗaya ya tafi wani ginin daban, kada a taɓa shi. Tsohon faifan a naɗe shi a ajiye.

Fulofi

Fulofi mai inci 3.5 yana da ɗan makulli a kusurwa. Tura shi har ramin ya buɗe, ka ga haske ta ciki, to ba abin da zai iya rubutu a kansa. Ja murfin ƙarfen gefe, ka juya faifan da yatsa ta tsakiya, ka duba fuskarsa a haske. Fararen ɗigo-ɗigo fumfuna ce, damina ke kawo ta. Idan ka sa shi haka, za ta manne a kan na'urar, ta kankare shi, ta kuma kankare na bayansa. Jiƙa audugar kunne da isopropyl kaɗan, ka shafa a hankali kana juyawa, ka bar shi ya bushe sarai. A nisanta su da lasifika da duk abin da ke da maganaɗisu.

Da ddrescue ɗin nan za ka kwafe shi, ko WinImage a Windows. Cikakken kwafin fulofi mai 1.44 bait 1,474,560 ne daidai, mai 720 kuma 737,280. Idan lambar ba ta kai ba, kwafin bai cika ba. Sa wa kowane suna daidai da abin da ke rubuce a jikinsa, WP1.IMG, WP2.IMG, haka. Manyan fulofi masu inci 5.25 ba su da na'urar USB ta kasuwa, sai tsohuwar na'urarsu tare da wani ɗan bod da ake kira Greaseweazle, ko tsohuwar kwamfuta mai rai.

Duba abin da ka samu

Buɗe tsoho.img da 7-Zip, ka fitar da komai zuwa folda, a ce C:\TSOHO. Bar tsarin foldoji yadda yake. Manhajar da aka girka a C:\WP51 ko C:\PAYROLL tana neman fayilolinta a wannan wuri, idan ka matsar da su za ta ce ba ta gansu ba.

Fara da karanta AUTOEXEC.BAT da CONFIG.SYS a Notepad. Su ne za su gaya maka yadda aka saita kwamfutar: layin PATH, layin FILES, duk wani layi da ya fara da SET, da sunan manhajar da ke tashi da kanta. Rubuta su a takarda.

Idan faifan ya zama kamar babu komai sai wani ƙaton fayil mai suna DBLSPACE.000 ko DRVSPACE.000 ko STACVOL.DSK, kada hankalinka ya tashi. An matse faifan ne don a samu sarari, komai yana cikin wannan fayil. Sai ka tayar da DOS ɗin faifan kansa a cikin manhajar kwaikwayo kafin ya buɗe, za mu zo wurin.

Bi foldar da maganin bairos. Fulofin ofis ya yi yawo hannu-hannu, kuma tsofaffin bairos irin su Stoned da Form da Michelangelo a wurin tashin faifai suke zama. Michelangelo yana ɓarnarsa ranar 6 ga Maris, CIH na Windows 95 da 98 kuma ranar 26 ga Afrilu. Ba za su iya da sabuwar kwamfutar ba, amma za su iya lalata kwafin da kake aiki a kansa. Takardun Word da Excel kuma a buɗe su ba tare da barin macro, wato ƙananan umarni da ke ɓoye a cikin takarda, ya yi aiki ba.

Yanzu tsaya ka tambayi kanka ko kana buƙatar kwaikwayon ma. Ra'ayinmu shi ne a fara gwada LibreOffice. Yana buɗe takardun WordPerfect, da WK1 na Lotus, da DBF na dBASE, da na Microsoft Works, da tsofaffin takardun Word waɗanda sabon Word ke toshewa. Idan wasiƙu ne kawai, sau da yawa aikin ya ƙare a nan. Masu buga takardu na da ba sa bin ƙa'idar suna, za ka ga WASIKA.001 ko MEMO.AUG, ka buɗe su ta cikin LibreOffice, yakan gane irinsu daga abin da ke ciki. Kwaikwayo yana zama dole ne idan manhajar kanta ce ke riƙe da lissafin, kamar ta albashi da wani ya rubuta wa ofis da Clipper ko FoxPro, ko kuma idan tsarin shafi ya wargaje.

DOSBox-X, don manhajojin DOS

Muna zaɓar DOSBox-X a kan DOSBox na asali saboda dalilin da mai WordPerfect zai gane da wuri. An gina na asalin don wasanni, kuma ya ƙwace haɗin Ctrl da maɓallan F1 zuwa F12. A WordPerfect, Ctrl+F9 na haɗa wasiƙu da jera sunaye ne, a DOSBox kuwa yana rufe komai nan take, ba tambaya. Ctrl+F5 da kake buƙata don fitar da rubutu, a can hoton fuska yake ɗauka. DOSBox-X ya mai da yawancin nasa umarnin kan F11 a Windows, kuma yana da firinta, sai dai shi ma yana riƙe da Ctrl+F5 da Ctrl+F9 har sai ka cire su a mapper ɗinsa, wato teburin maɓallai.

Buɗe shi, za ka ga Z:\>. Rubuta:

mount c c:\tsoho
c:
cd wp51
wp

Shuɗiyar fuska za ta fito, kusan babu komai a kanta sai lambar shafi a ƙasa. F5 yana nuna jerin fayiloli, Shift+F10 yana ɗauko takarda, F10 ajiyewa, F7 fita, F3 taimako. Tunda F11 ya tafi, yi amfani da Alt+F3 don ganin lambobin tsari da ke ɓoye a rubutu. Lotus da 123 ake kiransa, maɓallin / ke buɗe menu, sai F da R don ɗauko fayil. dBASE zai ba ka ɗigo guda yana jira: USE da sunan fayil, sannan DISPLAY STRUCTURE, sannan BROWSE.

Idan daga fulofi za ka girka, haɗa su duka a layi ɗaya:

imgmount a wp1.img wp2.img wp3.img -t floppy

Duk lokacin da ya nemi na gaba, shiga menu na Drive, ka zaɓi A, ka danna Swap disk.

Don kada ka riƙa maimaitawa, buɗe dosbox-x.conf, ka gangara sashen autoexec a ƙarshe, ka zuba layukan mount da PATH da SET da ka kwafo daga tsohuwar. Daga nan ne ake fara cin karo da matsaloli, kuma kowace da dalilinta.

Runtime error 200, ko Divide overflow: manhajar tana auna saurin kwamfuta idan ta tashi, sauri ya yi mata yawa har lissafin ya fashe. An san manhajojin Turbo Pascal da wannan. A sashen cpu sa cycles=fixed 12000, wato kusan saurin 486. Idan ba ta yarda ba, sauko 6000, kusan 386.

DOS Error 4, ko Too many files open: manhajar Clipper ko dBASE tana buɗe fayiloli da yawa lokaci guda. Duba layin files a sashen config, kada ya gaza na tsohuwar, kuma ka dawo da layin SET CLIPPER yadda ka same shi. Rashin wannan layi kaɗai ya isa ya hana manhajar albashi tashi.

Memory full a Lotus: jerin Release 2 yana amfani da nau'in ƙarin ram da ake kira EMS, Release 3 kuma da XMS. Bar ems=true da xms=true, memsize=16 ya wadatar.

Ta ce ba ta ga F: ba: a ofishin an yi amfani da Novell NetWare, bayanan suna kan wata kwamfutar. Idan ka samo faifan waccan, ka yi mount f zuwa foldarsa. Idan ba ka samo ba, manhaja ce kawai a hannunka babu bayanai.

Ta buɗe amma ta ƙi ajiyewa: fayilolin sun biyo ta CD, sun zo da alamar karatu kawai. Rubuta attrib -r *.* /s a foldar.

Tana neman faifan asali a A:, ko ta ce babu makulli: fitowar farko ta Lotus da dBASE III suna da kariya a jikin fulofin, wadda kwafi na yau da kullum ba ya ɗauka. Wasu manhajojin lissafin kuɗi kuma suna da ɗan makulli da ake sokawa a ramin firinta. Duba bayan tsohuwar kwamfutar kafin a kai ta wurin 'yan gwangwan. Idan bai samu ba, bar manhajar, ka ciro bayanan daga fayilolin kai tsaye.

Kwanan wata ma yana ruɗa su. DOSBox-X yana ɗaukar na yau, manhajar da aka rubuta kafin 2000 kuwa tana iya karanta shekarar da lamba biyu ta mai da kai farkon ƙarnin da ya wuce. Yi amfani da umarnin date ka koma shekarar da aka daina aiki da ita. A dBASE rubuta SET CENTURY ON da SET DATE BRITISH, in ba haka ba 03/04 zai zama 4 ga Maris maimakon 3 ga Afrilu.

Ga faifan da aka matse, tayar da shi da DOS ɗinsa: imgmount c tsoho.img, sannan boot c:. A kan kwafin kwafi za ka yi wannan, domin yana rubutu a ciki.

86Box, don Windows 95 da 98

Idan manhajar ta Windows ce, kamar Access 97 ko Peachtree ko PageMaker, 86Box ya fi dacewa, domin yana kwaikwayon bod na gaske da BIOS ɗinsa, wato manhajar da ke tayar da bod ɗin. Access daga 2013 zuwa sama ba ya buɗe fayil ɗin Access 97, don haka wannan hanya takan zama dole. Zuba tarin ROM a folda mai suna roms kusa da manhajar, in babu su ba zai tashi ba. Zaɓi bod na Socket 7, furosesa Pentium 166 ko 200, ram megabait 64, katin hoto S3 Trio64. A wurin faifai zaɓi wanda yake akwai, ka nuna masa kwafin, ka duba lambobin nan uku su yi daidai da hoton da ka ɗauka. Idan suka saɓa, za ka ga Missing operating system alhali komai na nan. Kada ka zaɓi bod da ya girmi faifan, BIOS na kafin 1994 ba ya ganin abin da ya wuce megabait 504.

Tashin farko Windows zai yi ta gano sababbin kayan aiki yana neman CD. Duba C:\WINDOWS\OPTIONS\CABS ko folda mai suna WIN98, masu haɗa kwamfuta sukan bar fayilolin a can. A saman tagar akwai lamba da ke nuna sauri. Idan ta kasa kai kashi 100, laftof ɗin ba ta iya ɗaukar wannan furosesa ba, sauko zuwa Pentium 100 ko 486. Aikin ofis ba ya buƙatar fiye da haka.

VirtualBox ba ma ba da shawararsa ga 95 da 98. Windows 95 yana faɗuwa da Windows protection error a furosesa da ta wuce gigahaz 2.1. Ga Windows XP kuwa shi ne daidai: mai da kwafin da VBoxManage convertfromraw tsoho.img tsoho.vdi, ka haɗa shi a IDE, ba SATA ba, in ba haka ba shuɗiyar fuska mai lamba 7B za ta tare ka. Kowanne ka zaɓa, kada ka haɗa shi da intanet.

Maganar lasisi a taƙaice: tsufan manhaja ba ya mai da ita ta kowa. Corel ya sayi WordPerfect a 1996, IBM ya sayi Lotus a 1995 kuma ya daina kula da 1-2-3 a 2014, amma haƙƙin mallaka yana nan. Tayar da wadda ofis ya mallaka don ciro takardunsa daban ne da kwafe ta ana sayarwa. Idan DOS kawai kake buƙata, FreeDOS kyauta ne.

Fitar da bayanan

Kada ofis ya koma yin aikin yau da kullum a cikin kwaikwayo. An tashe ta ne don a kwashe abin da ke ciki zuwa tsarin da kowace kwamfuta ke karantawa.

A WordPerfect, Ctrl+F5, sai 1, sai 1, zai ajiye rubutu zalla. A dBASE:

USE MAAIKATA
COPY TO MAAIKATA.TXT DELIMITED

Fayil ɗin DBF yana tafiya da 'yan rakiya: DBT mai riƙe dogon bayani, da NDX ko NTX masu riƙe jeri. Idan DBT ya ɓata, dBASE zai ƙi buɗewa. Layukan da ke da alamar tauraro an goge su ne amma suna nan, kuma wani lokaci su ake nema, misali ma'aikacin da ya yi ritaya yana bin haƙƙinsa. Kada ka rubuta PACK ko ZAP, na farko yana share su har abada, na biyu yana share komai.

Wajen shigar da fayil ɗin a Excel ko Calc, mai da ginshiƙin lambar ma'aikaci da lambar asusu zuwa rubutu tun a tagar shigarwa. In ba haka ba sifilin farko zai faɗi, 00457 ya koma 457. Idan aka tambaye ka tsarin haruffa, zaɓi na DOS mai lamba 437, in alamomi sun fito a karkace ka gwada 850. Bayan haka tara jimillar ginshiƙin kuɗi, ka gwada da wadda tsohuwar manhajar ta nuna, ko da tsohuwar takarda da ke fayil ɗin ofis. Sai sun yi daidai har kwabo za ka ce an gama.

Rahoton da manhajar ke bugawa kawai, ba ta ajiyewa, a kama shi ta firinta. A dosbox-x.conf sa parallel1=printer, a sashen printer kuma printer=true da printoutput=ps da multipage=true. DOSBox-X yana kwaikwayon firintar Epson, don haka a cikin manhajar zaɓi ɗaya daga jerin Epson LQ. Fayil ɗin da ya fito sai a mai da shi PDF. Idan shafin ƙarshe ya maƙale bai fito ba, manhajar ba ta aika umarnin fitar da takarda ba ne, sa lamba a layin timeout, kamar 3000.

Takardun Hausa suna da nasu aiki. Kafin Unicode ya yaɗu, da salon haruffa na musamman ake buga ƙ da ɗ da ɓ, irin Rabi'at da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya tsara, kuma waɗannan salo suna aron gurbin wasu maɓallai ne. Idan babu salon a sabuwar kwamfuta, za ka ga qasa da xaya da vata, ko kuma }asa da ]aya da ~ata. Rubutun bai lalace ba. Kwafo salon daga C:\WINDOWS\FONTS na tsohuwar don ka tabbatar da wane ne wane, sannan ka musanya su da haruffan Unicode, manya daban, ƙanana daban, tare da kunna zaɓin bambanta babba da ƙarami. Inda aka ari q da x da v, kada ka danna musanya duka idan takardar ta haɗa da Turanci, za ka wayi gari da Noɓember da ɓoucher. Bi su ɗaya bayan ɗaya. Alamar naira ma haka: wasu sun buga =N=, wasu sun ɗora N a kan alamar daidai, wadda ke rabuwa gida biyu idan an fitar da rubutun. Mai da su ₦.

Kowace takarda a ajiye ta iri biyu, PDF don a ga yadda take, da ODT ko CSV don a iya aiki da ita. A haɗa su a folda ɗaya da tsoho.img, da dosbox-x.conf ɗin da ya yi aiki, da ɗan fayil na rubutu mai bayanin daga wace kwamfuta aka ciro, a wane ofis, ran nawa, da umarnin da ke tayar da manhajar. Filashi ba wurin ajiya na shekaru ba ne, musamman a zafinmu. A sa a faifan waje guda biyu a gine-gine daban, a riƙa jona su ana buɗe 'yan fayiloli sau ɗaya a shekara, bayan damina.